Shin Za a Iya Ƙera Motar Tsere a Gida?



Akwai wani musu da ya daɗe yana yawo a tsakaninmu, musamman 'yan aji uku. Wasu suna cewa mutum ɗaya ba zai taɓa iya ƙera mota a gida ba, sai dai babban kamfani na Turai ko na Japan. Wasu kuma suna cewa ai abu ne mai sauƙi, in dai ka iya walda shi ke nan, don haka zaman aji ɓata lokaci ne, gara mutum ya ajiye littafi ya tafi gareji. Wannan magana ta biyu ita ta fi damun mu, domin a kanta yaro zai iya barin makaranta. Shi ya sa mu 'yan ƙungiyar jarida muka karanta abin da muka samu, muka tambayi malamanmu na Lissafi da na Fasaha, muka kuma leƙa wurin masu walda da kanikawa ranar kasuwa.

Ga abin da muka gano. Ana iya ƙera mota a gida, kuma an sha yi. Amma bodin nan mai sheƙi da ake ɗauka a hoto shi ne aikin ƙarshe. Ainihin motar tana ƙarƙashinsa, kuma da awo da lissafi ake yin ta.

Mece ce motar tsere?

Motar da muke magana a kanta ƙarama ce, yawanci kujera biyu gare ta. Gajeriya ce, cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Ba a yi ta don fasinja ko buhun gero ba. An yi ta ne don ta tashi da sauri, ta sha kwana ba ta kife ba, ta kuma tsaya da wuri.

Abu biyu ne ke ba ta wannan hali. Na farko rashin nauyi. Kowa ya san jakin da aka ɗora wa buhu ɗaya ya fi wanda aka ɗora wa biyu sauri. Ana auna ƙarfin injin mota da abin da ake kira ƙarfin doki. A ce injin yana da ƙarfin doki 130, motar kuma nauyinta kilo 1,300 ne. Kowane doki zai ja kilo 10 ke nan. In aka rage nauyin ya koma kilo 650, kowane doki kilo 5 kawai zai ja, alhali injin bai canza ba. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Colin Chapman ya yi suna a kan wannan dabara. A shekarar 1948, yana ɗalibi, ya ƙera motarsa ta farko a wani ƙaramin gareji daga tsohuwar mota ƙirar Austin 7. Daga baya ya kafa kamfanin Lotus, wanda motocinsa suka shahara da rashin nauyi.

Na biyu shi ne kusanci da ƙasa. Ku tuna motar da aka labta wa buhuna har sama za ta kasuwar Dawanau. In ta zo kwana sai ka ga tana tangaɗi, saboda nauyinta yana can sama. Motar tsere nauyinta yana ƙasa, shi ya sa ba ta saurin kifewa.

Su wa suka taɓa yi?

A Najeriya akwai Jerry Isaac Mallo, ɗan Jihar Filato. A watan Nuwamba na 2019, yana da shekara 25, ya nuna wa jama'a motarsa a Abuja. Ya sa mata suna Bennie Purrie, kuma a wurin aikinsa da ke Jos aka haɗa ta. An yi bodinta da zaren kabon, wanda za mu yi bayaninsa a gaba. An ruwaito cewa tana kai gudun kilomita 120 a awa cikin daƙiƙa 12 daga tsaye.

A nan Kano muna da misali na kusa, ko da yake ba mota ba ce. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Fiziks a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgin sama mai saukar ungulu a gidansu. Wata takwas ya yi yana aikin. Ya yi amfani da tsohon injin mota Honda Civic da kujerun wata tsohuwar Toyota. Da kuɗin gyaran kwamfuta da waya, da taimakon mahaifinsa, ya sayi kayan. Jirgin ya ɗaga daga ƙasa kamar ƙafa bakwai.

A Ghana akwai Kelvin Odartey, wanda ya fara aikin motarsa yana ɗan shekara 15, wato bai girme mu da yawa ba. Ya yi ta tsintar ƙarafa, ya sa mata injin babur, ya yi mata ƙofofi masu buɗewa sama. Shekara uku ya yi, sai a 2020 ya tuƙa ta zuwa makarantarsu a birnin Akara.

A Amurka kuma wani mutum mai suna Ken Imhoff ya kwaikwayi motar Lamborghini Countach a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansa. Shekara 17 ya shafe. Da ya gama a 2008, babu ƙofar da motar za ta fita, sai da aka haƙa ƙasa aka fasa bangon ɗakin.

Ku lura da abu ɗaya. Babu wanda ya gama cikin mako guda. Wata takwas, shekara uku, shekara 17. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Me ake ƙerawa, me ake saye?

In an ce mutum ya ƙera mota da hannunsa, ba ana nufin komai shi ya yi ba. Masu yin mota a gida ba sa ƙera injin. Dalili kuwa, tazarar da ke tsakanin fistin da ramin da yake hawa da sauka a ciki ba ta kai kaurin gashin kai ba. Guduma da zarto ba za su iya wannan aiki ba, sai injinan masana'anta. Haka ma giya da taya da batir da gilashi da kayan birki, duk saye ake yi, sababbi ko na hannu. Wanda yake Kano zai nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ko wurin 'yan gwangwan. Wanda yake Kaduna zai nufi Panteka.

Abin da maƙerin yake yi da kansa shi ne zane, da ƙashin motar, da bodi, da kuma haɗa duk waɗannan sassa su yi aiki tare. Wannan ba abin rainawa ba ne. Ko manyan kamfanoni ma suna sayen taya da batir da gilashi daga wasu kamfanonin.

Mataki na ɗaya: zane da awo

Kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, sai an zana motar a takarda, ta gaba da ta gefe da ta sama. Ana amfani da sikeli irin wanda muke yi a aji. In sikelin 1:10 ne, motar da tsawonta mita 4 ne za ta zama santimita 40 a takarda. A nan ake yanke shawarar inda injin zai zauna, da inda direba zai miƙe ƙafarsa, da tazarar tayoyin gaba da na baya. Kuskuren takarda kilina ce ke goge shi. Kuskuren ƙarfe kuwa kuɗi yake ci.

Mataki na biyu: ƙashin mota

Kanikawa suna kiransa shasi. Shi ke ɗauke da injin da kujeru da bodi. Masu motar tsere sun fi yin sa da bututun ƙarfe da aka haɗa da walda, kuma in ka duba da kyau za ka ga cike yake da siffofi masu kusurwa uku. Kowa zai iya gwada dalilin a gida. Ka ɗaure kara huɗu su yi murabba'i, ka danna kusurwa ɗaya, za ka ga ya karkace. Ka ɗaure kara uku, ka danna, ba zai motsa ba. Irin wannan ne kafinta yake yi a katakon rufin azuzuwanmu.

Dole shasi ya miƙe sosai. Ana auna shi daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, sannan a auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, to a karkace yake, kuma motar za ta riƙa jan gefe tana cin taya. Magina ma haka suke yi da igiya in za su fitar da harsashin ɗaki. Masu walda sun ƙara mana da cewa zafin wuta yana jan ƙarfe. Saboda haka ana fara ɗiga walda kaɗan-kaɗan a kowace mahaɗa, a sake aunawa, sannan a cike.

Mataki na uku: injin da giya

Injin fetur yana aiki ne da bugu huɗu. Fistin ya sauka ya shaƙi iska da fetur. Ya hau ya matse su. Fulogi ya ba da tartsatsi, su kama da wuta su tura fistin ƙasa da ƙarfi. Sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Yawancin baburanmu da injinan ban ruwa na fadama haka suke aiki.

Wannan wuta tana kawo zafi mai yawa. Shi ya sa ake sa lagireto, ruwa ya riƙa zagaya injin yana kwashe zafin, iska kuma ta sanyaya ruwan. A ƙasa mai zafi irin tamu, wanda ya rufe injin da bodi bai bar wa iska hanya ba, to injinsa zai ƙone tun kafin ya yi nisa.

Giya kuwa lissafin rabo ne kawai. Ku dubi keke. A ce faifan feda yana da haƙora 44, na tayar baya yana da 22. In ka juya feda sau ɗaya, taya za ta juya sau biyu. A mota, giya ta ɗaya tana ba da ƙarfin tashi amma ba gudu, giya ta sama kuma tana ba da gudu amma ba ƙarfin hawa tudu. Ga wani lissafin. Tayar da faɗinta santimita 60 ne, in aka ninka da 3.14, za a ga tana cin kusan santimita 188 a kowane juyi. Gudun kilomita 120 a awa daidai yake da mita 2,000 a minti ɗaya. Wato sai tayar ta juya fiye da sau 1,000 a kowane minti. Wanda bai iya wannan lissafi ba, ba zai san giyar da ta dace da injinsa da tayarsa ba.

Mataki na huɗu: sitiyari da sifirin

In muna maci muka zo juyawa, wanda ke bakin layi ta waje sai ya faɗaɗa taku, na ciki kuma ya rage. Tayoyin mota ma haka ne. A kwana, tayar waje ta fi ta ciki cin tafiya. Don haka ake saita sitiyari yadda tayar gaba ta ciki za ta fi lanƙwasa. Akwai kuma wani akwatin giya a tsakanin tayoyin da injin ke juyawa, wanda ke barin ɗaya ta fi ɗaya sauri. Sifirin da abin shan gargada kuma aikinsu ba jin daɗin direba kawai ba ne. Su ke danne taya a kan hanya. Tayar da ta yi tsalle sama ba ta jin sitiyari, ba ta jin birki.

Mataki na biyar: birki

Wannan shi ne matakin da rai ya rataya a kansa. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a kowace daƙiƙa. Cikin daƙiƙa uku ta ƙure tsawon filin ƙwallo. In akuya ko yaro ya gifta, kafin direba ya kai ƙafarsa kan birki mota ta riga ta ci mita masu yawa.

Sannan ga wata ƙa'ida da ta ba mu mamaki. In gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota za ta ci bayan an taka birki ba sau biyu yake ninkawa ba, sau huɗu ne. A ce mota tana buƙatar mita 10 ta tsaya in tana gudun 40. In tana gudun 80, sai ta ci mita 40. In tana gudun 120, sai ta ci mita 90. Saboda haka wanda ya sa babban injin ya bar ƙaramin birki, ba mota ya ƙera ba, tarko ya ɗana wa kansa da jama'a.

Mataki na shida: bodi

Sai yanzu aka zo kan abin da ido ke gani. Wasu suna yin siffar motar da katako, su ɗora fallen ƙarfe ko alminiyam su yi ta bugu har ya ɗauki siffar. Haka Ken Imhoff ya yi. Wasu kuma suna amfani da zaren gilashi ko zaren kabon. Zaren kabon ya fi gashi siranta. Ana saƙa shi kamar yadi, a shimfiɗa a kan mazubi, a jiƙa shi da wani irin gam, in ya bushe sai ya yi tauri. Yana da ƙarfi kuma ba shi da nauyi, amma yana da tsada ƙwarai.

Gilashin mota ma daban yake da na tagar gida. Na taga in ya fashe yana zama kamar wuƙaƙe. Na gaban mota kuwa akwai roba a tsakiyarsa da ke riƙe shi ko ya tsage.

Gargaɗi

Muna roƙon 'yan'uwanmu kada wani ya karanta wannan ya je ya taɓa injin walda shi kaɗai. Hasken walda yana ƙona ido, har mutum ya kwana yana hawaye kamar an zuba masa yashi. Ba a kallonsa sai da gilashin walda. Ba a kuma kai wuta kusa da tankin da aka taɓa zuba fetur a ciki, ko da ya bushe, domin tiririn da ya rage yana iya fashewa. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Ta fuskar doka kuma, motar da za ta hau titi sai an duba lafiyarta, an yi mata rajista da lamba da inshora. Direba sai ya kai shekara 18 kafin a ba shi lasisi. Gwajin farko a fili ake yi, a hankali, inda babu mutane ko dabbobi.

Ina amfanin wannan gare mu?

Gaskiya motar tsere ba za ta yi mana aiki a nan ba. Da damina ko a kwarin farko za ta maƙale, da rani kuma yashi ya riƙe ta. Amma ilimin da ake ƙera ta da shi, shi ne dai wanda ake buƙata a yi amalanken shanu marar nauyi, ko injin sussuka, ko ƙaramar mota mai tsayin ƙafa da za ta shiga burtali ta ɗauko gyaɗa da gero, ko ta fitar da mai naƙuda zuwa asibiti cikin dare. Shi kansa Jerry Mallo yana ƙera injinan aikin gona. A Maiduguri ma akwai Mustapha Gajibo, wanda yake haɗa motocin bas masu amfani da lantarki don jigilar jama'a a cikin gari.

Ga kuma misalin inda zane da karatu suke kai mutum. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ne. Ya karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, sannan ya tafi birnin Detroit na Amurka ya koyi zanen mota. Ya yi aiki da kamfanin General Motors, kuma shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka fara nunawa a 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar da ke kula da ƙirar motoci ta Najeriya.

To masu cewa ba za a iya ba, ga misalai sun gani. Masu cewa walda kaɗai ta isa kuma, sai su sake duba matakan nan shida su ƙirga guda nawa ne babu lissafi a ciki. Haka nan masu raina bakanike don rigarsa ta sha baƙin mai su ma su yi hattara, domin wanda ya iya lissafi bai iya riƙe sifana ba, motarsa a takarda za ta ƙare. Mai son wannan sana'a zai iya zuwa gareji ranar Asabar da lokacin hutu da izinin iyayensa, ba tare da ya bar aji ba. In ya gama aji uku zai iya zana jarrabawar shiga kwalejojin kimiyya da fasaha na jiha, irin ta Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977, kuma akwai na 'yan mata. Gaba kuma ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a Bichi, ga Jami'ar Bayero, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil.

Shawararmu

Kusan dukkanmu mun taɓa yin motar kara ko ta langa-langa, da tayoyin tsohon silifa. Muna neman izinin shugaban makaranta da malamin Fasaha a shirya mana gasa bayan an gama yankan dawa, lokacin da kara ya wadata. Sharuɗɗan da muke ba da shawara guda huɗu ne. Kowace ƙungiya, maza ko mata, ta fara kawo zanenta a sikelin 1:10. Motar da aka yi ta dace da awon da ke cikin zanen. Ƙashinta ya iya ɗaukar bulo ɗaya bai karye ba. In an sake ta daga kan allo mai gangara, ta tafi a miƙe. Ba za a ba da maki don fenti ba.

Duk ajin da yake so ya shiga, sai ya ba sakataren ƙungiyar jarida sunayensa lokacin tara. Wanda kuma ya ga gyara a lissafinmu, muna maraba da shi, za mu liƙa a fitowa ta gaba in sha Allahu.